Tambayoyi da Amsoshi a Kan Binciken Jami'o'i Game da Kasuwancin Ƙananan Ƙabilu a Karkarar Kano da Jigawa

Ana ganin ɗalibai da malaman jami'a suna shiga kasuwannin ƙauye da rugage, suna tambayar mutane game da jari da riba da bashi. Wasu daga cikinsu suna aiki ne a wani fanni na ilimi da ke nazarin kasuwancin ƙananan ƙabilu da sauran waɗanda manyan masu saye da bankuna suke tsallakewa. Ga bayani a kan abin da fannin ya ƙunsa da yadda ya shafi manoma da makiyaya da 'yan tireda na yankinmu.

Mene ne ainihin abin da wannan bincike yake nema?

Yana neman sanin dalilin da ya sa mutum biyu masu kaya iri ɗaya da himma iri ɗaya suke samun sakamako daban, ɗaya ya samu rance da rumfa da babban mai saye, ɗayan kuma ya ƙare a bakin kasuwa yana sayarwa da araha, alhali abin da ya raba su shi ne harshe, ko asali, ko nisan mazauni. A nan ya bambanta da horon sana'a da aka saba shiryawa a sakatariyar ƙaramar hukuma, domin shi horo yana ɗauka cewa nakasun yana wurin ɗan kasuwa, saboda haka sai a koya masa. Shi kuwa mai bincike yana duba ɗan kasuwar, sannan ya juya ya duba ƙa'idojin banki, da sharuɗɗan kamfani, da dokar hukuma, da yadda ake raba rumfuna.

A 1999 wasu malaman jami'a a ƙasar Holan, cikinsu har da Robert Kloosterman da Jan Rath, suka bayyana wannan ra'ayi a fili. Suka ce ba za a fahimci kasuwancin baƙi ta hanyar duba zumuncinsu da al'adunsu kaɗai ba, sai an haɗa da irin kasuwar da aka bar musu su shiga da dokokin da suka kewaye ta. A kan wannan ra'ayi ne yawancin aikin da ake yi yau ya ginu.

A ina aka fi yin irin wannan aiki, kuma me aka gano?

Ɗaya daga cikin sanannun cibiyoyin ita ce CREME, cibiyar binciken kasuwancin ƙananan ƙabilu, wadda take Jami'ar Aston a birnin Birmingham na Ingila, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Monder Ram. A 2022 cibiyar ta fitar da rahoto tare da bankin NatWest, inda ta nuna cewa kasuwancin ƙananan ƙabilu yana ƙara wa tattalin arzikin Birtaniya kimanin fam biliyan 25 a shekara, kuma adadin zai iya kaiwa fam biliyan 100 idan aka kawar da shingayen da ke gabansu. Shingayen da aka fi ambata su ne wahalar samun kuɗi, da cunkoso a cikin sana'o'i masu ƙaramar riba, da rashin hanyar isa ga manyan kamfanoni masu sayen kaya da yawa.

Akwai wani abin da binciken Birtaniya ya fito da shi wanda duk mutumin karkara zai gane nan take. Mutane da yawa ba a hana su rance ba, su ne ba su nema ba tun farko, domin sun riga sun yanke a ransu cewa ba za a ba su ba. Irin waɗannan ba sa fitowa a lissafin banki, tunda banki yana ƙirga wanda ya cike takarda ne kawai, sai mai bincike ya taka ƙafa ya same su a wurin sana'arsu kafin a san da su.

Su wane ne ƙananan ƙabilu a nan, inda kusan kowa yake jin Hausa?

Jin Hausa bai sa kowa ya zama ɗaya a gaban kasuwa ba. A arewa maso gabashin Jigawa, wajen Birniwa da Guri da Kiri Kasamma, akwai Mangawa da Badawa da Ngizimawa, kuma da yawansu suna noma da kamun kifi da kiwo a fadamun Haɗeja. Akwai Warjawa a yankin Birnin Kudu, da Kurama a kudancin Kano wajen Doguwa, da Maguzawa a ƙauyuka da dama. Akwai Buzaye da ke zuwa daga Nijar da raƙuma da kanwa, akwai kuma Inyamurai da Yarbawa da suka daɗe a garuruwa irin su Gumel da Haɗeja da Wudil suna sayar da magani da kayan gyaran babur da na gini.

Fulanin ruga kuwa al'amarinsu ya fi ɗaure kai. Ba su da ƙarancin yawa, kuma sarautun gargajiya da yawa na gidajen Fulani ne, amma Bafulatanin da ke ruga mai nisa da kwalta, wanda matarsa ta fi sakewa da Fulatanci, ba shi da takardar gona ko adireshin da banki zai yarda da shi, yana fuskantar irin shingayen da wannan fanni yake nazari. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa da yankinmu shi ne a tambayi wane ne tsarin da ake bi yake bari a waje, ko da ƙabilarsa babba ce.

Ashe wannan ba ra'ayin Turai ba ne aka ɗebo ana so a ɗora mana?

Tarihin fatauci bai goyi bayan wannan zargi ba, domin wasu daga cikin ayyukan da suka kafa fannin a kan Hausawa aka yi su. A farkon shekarun 1960 masanin zamantakewar al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, inda Hausawa suke tsiraru a tsakiyar Yarbawa, ya nazarci yadda suka riƙe cinikin goro da na shanu. Ya nuna cewa ginshiƙin cinikin shi ne maigida, wanda yake saukar da fatake, ya ajiye musu kuɗi, ya haɗa su da dillali, sannan ya tsaya a matsayin lamuni idan aka ba mahauci shanu bashi. Ba banki, ba kotu, amma dukiya mai yawa tana yawo tsakanin Arewa da Kudu bisa amana da tsoron zubewar mutunci.

Shi kuma masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigin fataucin goro zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, ya nuna cewa manyan fataken ƙarni na 19 su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda asalinsu baƙi ne da suka zo daga arewa da gabas suka zauna a ƙauyukan ƙasar Hausa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji kuma ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa ya fito. Wannan yana nuna cewa karkarar Kano ta taɓa buɗe wa baƙo hanya har ya zama jigon kasuwarta, kuma duk ɗan Jigawa da ke sayar da tumatir ko albasa a Legas a yau ya san yadda zama tsiraru a kasuwar wasu yake.

Talauci ya game kowa a ƙauye. Me ya sa za a ware wasu a yi nazarinsu?

Gaskiya ne cewa Bahaushen manomi da ke Ringim ko Gaya yana fama da tsadar taki da rashin jari kamar kowa. Amma akwai matsalolin da suke ƙaruwa a kan wasu. Tallafin gwamnati yakan bi ta jerin sunayen da ake tattarawa a mazaɓa, kuma wani lokaci a nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda mutumin da aka haifa a garin zai iya rasawa saboda kakansa daga wani wuri ya zo, ko da yake sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali. Sanarwar shirin takan fita a harshen da wasu ba su ƙware a kai ba, ko a lokacin da makiyaya suka tafi cin rani da dabbobinsu. Idan ba a rarrabe lissafi ba, rahoto zai ce an raba wa mutum dubu, ba wanda zai lura cewa babu ko ɗaya daga ruga. Kuma gyaran da aka yi domin na nesa, kamar kawo rajista ranar kasuwa maimakon a ce kowa ya je hedikwata, yakan amfani Bahaushen ƙauye ma.

Me ake nufi da kasuwancin da ya haɗa kowa? Sadaka ce kamfani yake yi?

Ba sadaka ba ce. Ana nufin kamfani ya tsara sayensa ko sayarwarsa ta yadda ƙaramin mai kaya zai shiga ya ci riba, shi ma kamfanin ya ci tasa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne madara. Mafi yawan madarar da masana'antun Nijeriya suke sarrafawa ta gari ce da ake shigowa da ita daga waje, alhali shanu suna nan a rugage. Dalilan a bayyane suke: saniyar gida ba ta ba da madara mai yawa, musamman da rani, rugage a warwatse suke, kuma ɗanyar madara takan lalace cikin 'yan sa'o'i idan ba a sanyaya ta ba. Maganin da ake gwadawa shi ne cibiyar tattara madara mai na'urar sanyi, inda ake aunawa, a gwada tsabta, a biya. Kamfanin L&Z na Kano yana sayen madara daga ƙungiyoyin makiyaya, kuma shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa, ya sa gina irin waɗannan cibiyoyi cikin ayyukansa.

A nan ne amfanin mai bincike yake fitowa sarai. A shekarun 1980 Ann Waters-Bayer ta yi nazari a Abet, kudancin Jihar Kaduna, ta nuna cewa a gidan Bafulatani mata ne suke sarrafa nono, su fitar da man shanu, su kai kasuwa, kuma kuɗin nasu ne, da shi suke sayen cefane da sutura da kayan ɗakin 'ya'ya. Idan kamfani ya zo ya yi rajistar magidanta, ya riƙa tura kuɗin madara asusun miji saboda shi ne mai waya da lambar banki, to a takarda kuɗin gidan ya ƙaru, amma an ƙwace wa matar sana'ar da ta gada. Akwai kuma lissafin da sai an zauna an yi shi da natsuwa. Matar da ta mayar da madara kindirmo, ta cire mai, ta haɗa da fura ta sayar a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, tana iya samun abin da ya fi farashin lita a cibiya, sai dai ta yi tafiya mai nisa ta kuma wuni a rana. Wanne ya fi mata? Amsar tana sauyawa tsakanin damina, lokacin da nono yake yawa har ya yi kwantai, da rani, lokacin da yake tsada. Kamfanin da bai san wannan ba zai ga mata sun cika cibiya a watan Agusta, su ɓace a watan Maris, sai ya ce ba su da alƙawari, alhali lissafinsu daidai ne, farashinsa ne bai bi yanayi ba.

Haka batun yake a riɗi da zoɓo na Jigawa, waɗanda ake tarawa a kasuwanni irin su Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi, su wuce kasuwar Dawanau ta Kano kafin a fitar da su waje. Mai fitarwa yana son kaya masu tsabta da yawa a lokaci ɗaya, ƙaramin manomi kuma tiya kaɗan gare shi, kuma sau da yawa ya riga ya ci bashi a kansu tun suna gona.

Mu masu shanu ne, amma banki ya ce ba mu da jingina. Ina binciken zai taimaka?

Banki ya saba da jinginar ƙasa ko gida mai takardar mallaka, kuma yawancin gonakin ƙauye gado ne da ba su da irin wannan takarda, balle makiyayin da dukiyarsa take tafiya da ƙafa huɗu. Sai dai doka ta riga ta sauya. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta yarda a yi jingina da kadarar da ake iya ɗagawa, kamar dabbobi da injin niƙa da amfanin gona, kuma Babban Bankin Nijeriya yana da rajista ta musamman domin haka. Abin da ya rage shi ne aiki da ita a ƙauye: wa zai ƙiyasta kuɗin bijimi, wa zai tabbatar ba a kai shi kasuwar Wudil ranar Juma'a an sayar ba, kuma ina matsayin bashin idan annoba ta kashe shi. Waɗannan tambayoyi ne da sashen tattalin arzikin noma da likitocin dabbobi za su iya gwada amsoshinsu tare da ƙungiya guda da banki guda, kafin a faɗaɗa.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar da EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda jama'a suke samun hidimar kuɗi, ta yi a 2023 ta nuna cewa kusan rabin manya a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin hanyar ajiya ko rance, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna wa kowa halin da mai sayar da akuya yake shiga idan ba shi da asusu. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda yake hana mutane da yawa kusantar banki saboda addini. Bankin Jaiz ya fara aiki ba tare da kuɗin ruwa ba a 2012, wasu sun biyo baya, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci, amma rassan irin waɗannan bankuna sun fi yawa a birane. A ganina, abin da ya fi cancantar nazari shi ne adashi. Matar da ta shekara biyar tana zubi ba ta taɓa saɓawa ba ta riga ta tabbatar da amanarta, littafin uwar adashi ne kawai banki bai koyi karantawa ba.

Waɗanne makarantu ne a kusa da mu suke da hurumin wannan aiki?

Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, da makarantar koyon kasuwanci mai sunan Ɗangote. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da aka kafa a 2013, sai Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Asusun TETFund, wanda gwamnatin tarayya ta kafa domin tallafa wa manyan makarantu, yana ba malaman makarantun gwamnati kuɗin bincike. Masana ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗorewa, domin aikin ɗalibi yakan ƙare ranar da ya kare kundinsa, a ɗaure kundin a ajiye a kanta, da Turanci, inda ba mai nono ko masunci da zai taɓa jin abin da ke ciki.

Idan mun amsa tambayoyinsu, za a ba mu jari?

A mafi yawan lokuta a'a. Mai bincike ba shi da kuɗin rabawa, kuma wanda ya ce a biya shi kuɗin fom domin a sa suna cikin jerin masu samun tallafin jami'a, a yi hattara da shi.

To me ya kamata mai unguwa ko arɗo ya tambaya kafin ya bar su su shiga?

Ya nemi takardar gabatarwa daga sashensu, da sunan malamin da ke kula da aikin. Ya tambayi wanda ya ba da kuɗin binciken da wanda za a miƙa wa sakamakon. Wannan tambaya tana da nauyi a ruga, domin makiyayi yana da dalilin ɓoye yawan shanunsa, tun daga tunawa da jangali har zuwa tsoron ɓarayi da masu garkuwa da mutane, kuma mai binciken da ya san aikinsa ba zai rubuta suna kusa da adadin dabbobi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙi a kan bayanansa, kuma kowa yana da ikon ƙin amsawa ko dakatawa a tsakiya. Ya kamata a tambaya ko akwai mace a cikin tawagar wadda za ta shiga cikin gida, tunda matan kulle suna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula da kiwo, kuma idan aka tsaya a zaure aka tambayi maigida, rabin kasuwancin gidan ba zai fito ba. A nemi mai jin Fulatanci ko Manganci idan wurin yana bukata. Sharaɗi na ƙarshe shi ne su faɗi lokacin da za su dawo su karanta wa jama'a abin da suka gano, da Hausa, a gaban waɗanda suka amsa, domin a gyara musu inda suka fahimta a karkace.

Ba a tsoron cewa ƙirga mutane bisa ƙabila zai haddasa rarrabuwar kai?

Tsoron yana da tushe, musamman a inda rikicin burtali da mashaya bai gama kwanciya ba. Rahoton da ya ce wata ƙabila ta mamaye cinikin kifi ko na magani zai iya zama makami a bakin ɗan siyasa. Saboda haka mai hankali yakan karkata tambayarsa zuwa ga ƙa'idar da ke hana shiga, ya nuna wace takarda ce ake nema, nawa ake kashewa kafin a same ta, kuma su wa suke rasa ta, maimakon ya jera wa ya fi wa dukiya. Dole ne kuma a kiyaye ɗaukar ƙabila kamar mutum ɗaya, domin tsakanin mai garke ɗari da yaron da yake yi masa kiwo akwai tazarar da ta fi wadda ke tsakanin yaron da ɗan ƙodagon Bahaushe.

Ƙungiyarmu tana so jami'a ta duba matsalarmu. Ta ina za mu fara?

A fara da tsayar da matsala guda wadda za a iya aunawa, kamar yawan nonon da yake kwantai a damina, ko bambancin farashin riɗi tsakanin ƙauyenku da Dawanau, ko yawan mambobin da aka mayar daga banki da dalilin da aka ba su. A ajiye littafi na tsawon kaka ɗaya ko biyu, a riƙa rubuta kwanan wata da mudu da farashi, ko da ajami ne, domin malamin da ya tarar da lissafi a ƙasa ya fi saurin karɓar aiki. Idan ƙungiyar tana da rajista da ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha, a haɗa da kwafin takardar.

Daga nan sai a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashen tattalin arzikin noma ko na faɗakar da manoma a makarantar da ta fi kusa, a bi ta hannun malamin gona na yankin idan akwai, tare da sanin dagaci. A cikin wasiƙar a nemi a gayyaci ɓangaren da ke riƙe da ƙa'idar tun daga zaman farko, wato jami'in banki, ko wakilin kamfanin da ke saye, ko sarkin kasuwa, domin shi ne zai sauya sharaɗi idan sakamakon ya nuna akwai bukata. A kuma faɗi watannin da za a same ku a gida: manoma bayan an gama girbi, masunta gwargwadon hawa da saukar ruwa, makiyaya kuma kafin garke ya tashi cin rani.